Tafinta a zaure ko tafinta daga nesa: zaɓin masu shirya babban taro

A watan Nuwamba na 2011, wajen taron ƙasashen G20 a birnin Cannes na Faransa, an raba wa 'yan jarida na'urorin sauraron fassara tun kafin Nicolas Sarkozy da Barack Obama su fito yi musu jawabi. An gargaɗe su kada kowa ya jona abin kunne sai an fara. Wasu suka yi kunnen uwar shegu, suka jona nasu. Ashe makirufon shugabannin biyu a buɗe suke, sai ga hirar da suke yi tsakaninsu a kan firaministan Isra'ila, Benjamin Netanyahu, tana kwarara cikin kunnuwan manema labarai. Cikin 'yan kwanaki duniya ta ji. Babu na'urar da ta lalace a ranar, kowace ta yi aikinta daidai. Abin da ya kuɓuce wa masu taron shi ne iko da sauti: wa ke buɗe shi, wa ke rufe shi, kuma kunnen wa yake isa.

Da wannan ma'auni ya kamata duk kwamitin da aka ɗora wa nauyin babban taro na ƙasa da ƙasa ya auna tayin da kamfanoni za su kawo masa. Tayin kuwa ba ya wuce iri uku. Ko dai a kawo tafintoci cikin ginin taron a zaunar da su a rumfunan gilashi, ko a tara su a wata cibiya daban a haɗa su da zaure ta layi na musamman, ko kuma kowane tafinta ya zauna a gidansa ya shigo ta intanet. Kwanan nan an ƙaro na huɗu, wato a sakar wa ƙirƙirarriyar basira aikin baki ɗaya. Ina da wanda na fi so, kuma ba zan ɓoye ba, amma bari a fara da lissafi, don shi ne ke sa mutane neman hanyar sauƙi.

A ɗauki tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya mai harsuna shida: Larabci, Sinanci, Ingilishi, Faransanci, Rashanci da Sifaniyanci. Kowane harshe da rumfarsa. Rumfuna huɗu mutum biyu-biyu ne, ta Larabci da ta Sinanci kuwa uku-uku, saboda su gaba da baya suke aiki: suna fassarawa zuwa harshensu, in kuma wakili ya yi magana da harshen nasu, su ne ke fitar da ita zuwa Ingilishi ko Faransanci don sauran rumfuna su ɗauka daga bakinsu. Tafinta 14 ke nan a zama guda, a ɗaki guda. In taronku na da zauruka biyar da ke aiki lokaci ɗaya, kun tashi da mutum 70 da rumfa 30, ba a ma zo maganar zaman dare ba. Majalisar dokokin Tarayyar Turai, mai harsuna 24, hanyoyin fassara 552 take fama da su daga wani harshe zuwa wani. Kuma wannan adadi ba ya raguwa don an so tsimi, domin tafinta ba ya wuce kusan minti 30 a kan makirufo sai ya miƙa wa abokinsa. In ya zarce haka, ƙwaƙwalwa takan fara zubar da lambobi da sunaye, mai ita bai ma sani ba. Wanda ya ƙirga tikitin jirgi da ɗakin otal na mutum 70, ya ɗora da jigilar rumfuna da harhaɗa su, dole idonsa ya koma kan takardar da ke cewa a yi komai ta intanet.

Tsarin rumfa ya daɗe. Wani ɗan kasuwar Boston, Edward Filene, da injiniya Gordon Finlay ne suka ƙirƙiro fassarar nan-take a shekarun 1920, aka gwada ta a tarukan Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a Geneva. Shari'ar Nuremberg ta 1945 zuwa 1946 ce ta tabbatar wa duniya cewa abin na yiwuwa, da harsuna huɗu da kayan aikin IBM. Akwai wata dabara da aka yi a can da har yau nake ganin ta fi yawancin sababbin na'urori hikima: fitila rawaya da ke ce wa mai magana ya rage gudu, da ja da ke cewa ya dakata. Tun ran farko, ke nan, an gane cewa sai tafinta yana da hanyar taɓa zauren kafin aiki ya yi kyau.

Sai mutum ya leƙa cikin rumfa ana tsakiyar zama yake gane abin da kuɗinsa ya saya. Wata tafinta na magana, idonta a kan minista da ke karanta jawabi kamar ana korarsa. Abokin aikinta na gefe, makirufonsa a kashe, amma ba hutu yake ba. Da ministan ya ambaci biliyan kaza da ɗigo kaza, sai ya rubuta lambar da manyan baƙi a takarda ya turo mata. Aka ambaci sakin layi na 14 na daftarin sanarwa, ya buɗe shafin ya ɗora yatsa a kai. Tari ya taso mata, ta danna maɓallin da ke yanke sauti na daƙiƙa biyu, ta ci gaba, babu wanda ya ji. Ta gilashi tana ganin shugaban zama ya ɗaga hannu, tana ganin wakilin da ya ɗaga allon sunan ƙasarsa, don haka ta san wane harshe ke tafe tun kafin ya buɗe baki. Sauti ya ɗan yi ƙasa, abokin nata ya ƙwanƙwasa gilashi, injiniyan da ke zaune taku uku daga rumfar ya gyara. Gani ya kori ji, in ji masu magana, kuma a wannan sana'a ganin yana taimakon jin ne kai tsaye.

Akwai ƙa'idojin da hukumar tsara ƙa'idoji ta duniya, ISO, ta rubuta don wannan, kuma ya kamata lambobinsu su shiga kwangila: ISO 17651-1 ga rumfunan da aka gina da zaure, ISO 17651-2 ga na tafi-da-gidanka, ISO 20109 ga kayan aiki. Abin da ya fi muhimmanci a ciki shi ne faɗin sautin da ake so ya isa kunnen tafinta, daga 125 zuwa 15,000 a ma'aunin Hertz. Layin tarho na da bai wuce 300 zuwa 3,400 ba. Mai sauraro kawai zai iya haƙuri da siririn sauti, don ƙwaƙwalwarsa na cike gurbi. Tafinta kuwa yana saurare ne yana magana a lokaci guda, muryarsa na rufe rabin abin da yake ji. In baƙaƙe irin su "s" da "f" suka dushe, ba shi da abin yi sai ƙara ƙarar abin kunne, daga nan kuma ciwo ke farawa.

Rumfa na da nata wahalhalu. Tana cin wuri, sau da yawa layukan kujeru na baya duka. Tana buƙatar yini ɗaya ko biyu na haɗawa kafin taro, wato ƙarin kwanakin hayar zaure. Kowane tafinta sai an nema masa biza da katin shiga da tantancewar jami'an tsaro. In kuma wani shugaba ya ce da harshen ƙasarsa zai yi jawabi na minti goma, ɗauko mutum biyu daga wata nahiya saboda minti goma abu ne da ke da wuyar karewa a gaban mai binciken kuɗi. A babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya dokar ita ce wanda zai yi magana da harshen da ba na hukuma ba, shi zai tanadi fassara zuwa ɗaya daga cikin shidan. Yana da kyau ku ari wannan doka, ku sanar da tawagogi tun a takardar gayyata, ku kuma ajiye rumfa guda babu kowa don tafintan da za su zo da shi.

Fassara daga nesa ta girmi annobar korona, amma annobar ce ta tura kowa cikinta. Ranar 26 ga Maris na 2020 shugabannin G20 sun yi taronsu ta bidiyo ƙarƙashin jagorancin Saudiyya, a Satumban shekarar kuma jawaban shugabanni a babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya naɗaɗɗu aka kunna. Dandamali irin su Interprefy da KUDO da Interactio suka bunƙasa, Zoom da Webex da Teams ma kowanne ya samar da tashoshin fassara. Amfaninsu a fili yake. Ba jirgi, ba otal, ba rumfa. Harshen da masu fassara shi ba su da yawa, ana iya samo gwaninsa duk inda yake. In aka ƙara wani zaman gefe da daddare, ana iya nemo tawaga daga yankin da gari ya waye.

Sai dai a nan akwai abu biyu da ake yawan cakuɗawa, kuma cakuɗa su na sa a yanke hukunci a karkace. Tafinta ya kasance a nesa daban, mai magana ya kasance a nesa daban. Mafi yawan ɓarnar da aka gani daga na biyun ta fito. A watan Yuni na 2022 tafintocin majalisar dokokin Tarayyar Turai sun shiga yajin aiki, suka ƙi fassara masu shigowa daga nesa, alhali su kansu suna zaune cikin rumfunansu masu kyau. Kokensu shi ne sautin da ke zuwa daga 'yan majalisar da ke magana ta makirufon kwamfuta, ko daga cikin mota, ko ta layi mai yankewa. A majalisar dokokin Kanada ma tafintoci da dama sun kamu da ƙugin kunne da ciwon kai, har a 2023 hukumar ƙwadago ta ba da umarnin cewa sai mai magana daga nesa ya yi amfani da makirufon da ya cika ƙa'ida kafin a fassara shi. Manhajojin taro na matse sauti, suna yanke hayaniya, suna ɗaga murya suna saukewa da kansu. Ga hirar ofis hakan ni'ima ce, ga kunnen tafinta azaba ce. Don haka ko kun zaɓi rumfa a zaure, muddin wani shugaba zai shigo ta bidiyo, ba ku tsira ba. A aika wa ofishinsa ƙa'ida a rubuce: makirufo mai waya, intanet ta kebul, ɗaki shiru, da gwaji kwana ɗaya kafin taro. Wanda ya ƙi gwaji a gaya masa tun da wuri cewa za a ji muryarsa amma ba za a fassara ba. Na san faɗa wa fadar shugaban ƙasa haka ba wasa ba ne, shi ya sa ake rubuta shi cikin ƙa'idojin taro tun babu wanda abin ya shafa.

In kuwa tafintan ne zai kasance a nesa, tsakanin cibiya da gida akwai tazara mai yawa. A cibiya rumfuna ne na gaske, abokan aiki na zaune kafaɗa da kafaɗa, injiniya na nan, layi biyu ne daga kamfanoni biyu, wuta na da ko-ta-kwana. Abin da aka rasa kawai shi ne ganin zaure da ido, sai a maye gurbinsa da allo biyu ko uku: ɗaya na mai magana, ɗaya na shugaban zama da faɗin zaure, ɗaya na abin da ake haskawa. Cibiyar na iya zama a wani birni, tana kuma iya zama a ƙasan benen ginin taron, wanda shi ne maganin zauren da ya yi wa rumfuna kaɗan. A gida kuwa tafinta shi ne injiniyan kansa. Miƙa makirufo ga abokin da ba ka gani sai ta saƙon rubutu, kana tsakiyar jimla. Babu mai turo maka lamba a takarda. In intanet ɗin mutum ɗaya ta yanke, kuma shi ne gadar da sauran rumfuna ke ɗauka daga gare shi, harsuna biyar ne za su yi shiru lokaci guda. Akwai ƙa'idar ISO 24019 ta 2022 da ta shafi waɗannan dandamali, a tambayi kamfani ko ya cika ta, amma ƙa'ida ba ta da iko da wutar gidan wani.

Ga kuma sirri. A farkon Maris na 2024 kafofin Rasha suka saki faifan wata tattaunawar manyan hafsoshin sojan saman Jamus a kan makamai masu linzami na Taurus. Ta Webex aka yi ta, kuma hukumomin Jamus sun ce ɗaya daga cikin mahalarta ne ya shigo ta layin da ba shi da kariya daga otal a Singafo. Mutum ɗaya, layi ɗaya. Zaman sirri na shugabanni da tafinta 14 a gidaje 14 ƙofa 14 ke nan, kuma ba ku san wa ke ɗaki na kusa ba. A irin wannan zama ban ga hujjar fitar da sauti daga gini ba ko kaɗan.

Wannan ya kawo mu ga rabin hanya na biyu, daga bakin tafinta zuwa kunnen wakili. A teburin shugabanni, waya ce ta fi: kowace kujera da makirufonta da maɓallin zaɓen tasha, komai ta kebul. Ga sauran zaure, hasken infirared ne abin da manyan taruka suka dogara da shi, irin na Bosch ko Televic ko Taiden, mai ɗaukar tashoshi masu yawa. Falalarsa ita ce haske ne, ba ya ratsa bango, don haka abin da aka faɗa a zaure a zaure yake tsayawa, kuma zauruka goma na iya aiki jere ba tare da wani ya shiga wani ba. Aibinsa ma daga nan yake: sai risiba, wato 'yar na'urar sauraro da ke hannun wakili, tana ganin fitilar da ke watsa hasken. Wakili ya cusa ta a aljihun kwat, sauti ya ɗauke. Ƙarƙashin baranda da bayan ginshiƙi sukan zama makafin wurare in ba a ƙara fitilu ba, hasken rana kai tsaye kuma na dame shi. Ga aikin rabawa da karɓa da caji da goge dubban risibobi kullum, kuma wasu ba sa dawowa. Rediyo na ratsa bango, ya dace da fili ko rangadi ko tanti, amma sai an nemi izinin mita daga hukumar sadarwar ƙasar da ake taron, kuma in ba a kulle siginar ba, mai mota a waje na iya kamawa.

Sauraro ta wayar hannu shi ne ya fi burge masu kasafi, don babu abin rabawa, kowa ya sauke manhaja ya sa abin kunnensa. A zauren baje koli ko wurin 'yan kallo ba laifi. A babban zaure kuwa, ku tuna mutum dubu uku a kan wayfai ɗaya, ku tuna batir da ke mutuwa da la'asar, da kiran da ke shigowa ya katse fassara, da ɗan jinkirin da ke sa rabin zaure ya yi dariya bayan ɗaya rabin ya gama. A zaman sirri ma ai a bakin ƙofa ake karɓe wayoyi.

Ƙirƙirarriyar basira fa? Ta ci gaba ƙwarai, musamman tsakanin manyan harsuna da kuma wajen fitar da rubutu a allo. Ga zaman gefe da da ma ba za a sa masa tafinta ba, samunta ya fi rashinta, in an gaya wa mutane cewa na'ura ce. Amma a dubi abin da ya faru a zaman ƙarshe na taron sauyin yanayi na COP26 a Glasgow, ranar 13 ga Nuwamba na 2021. Daga kujerarsa ministan muhalli na Indiya ya karanto gyara a kan batun kwal, kalma ɗaya ta canza, ma'ana ta tashi daga dainawa zuwa ragewa. A kan wannan kalma ƙasashe suka yi ta nuna ɓacin rai, shugaban taron Alok Sharma ya ba da haƙuri murya na rawa. Tafintan da ya kwana biyu yana bin daftarin ya san nan ne wuƙar take, zai rage gudu ya fitar da kalmar tsaf. Na'ura ba ta san wace kalma ce ta fi sauran nauyi ba, in ta yi kuskure kuma da murya mai daɗi da cikakken tabbaci take yi, babu wanda za a kira ya amsa. Ƙara da karin harshe iri-iri, da mai fara jimla da Faransanci ya ƙare da Larabci, da harsunan da ba su da yawan rubutu a intanet, da tambayar inda sautin ke zuwa a sarrafa shi. A zauren da ake tsayar da matsaya, ban ba da shawararta ba.

Ganawar shugaba da shugaba ba ta buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kowa da tafintansa a bayan kafaɗa da littafin rubutu, a yi magana a dakata a fassara. Ku dai tanadi kujera, ku ninka lokaci. Masu fassarar kurame kuma a dandamali ake son su, cikin haske, da kyamararsu ta kansu, kuma a tantance su ta hannun ƙungiyoyin kurame. Abin kunyar da ya faru wajen taron tunawa da Nelson Mandela a Disamba na 2013, inda wani ya tsaya kusa da shugabannin duniya yana motsa hannu ba ma'ana, rashin tantancewa ne ya jawo shi.

Da ni za a tambaya, ga yadda zan raba. Babban zaure da duk zaman sirri: rumfa a cikin gini, kebul a teburi, infirared ga sauran kujeru. Zaurukan kwamiti da suka yi ƙanƙanta: cibiya, in so samu ne a cikin ginin. Harshen da za a yi amfani da shi sau ɗaya, da taron manema labarai na gaggawa, da zaman gefe: daga nesa, ta cibiya in akwai. Gida sai in babu makawa, kuma kada gadar sauran harsuna ta taɓa zama a gida. Wajen kwangila ma na fi son a raba biyu. Kamfanin sauti gwanin kaya ne, amma zaɓen mutane a bar wa babban tafinta mai ba da shawara, irin waɗanda ake samu a AIIC, ƙungiyar tafintocin taro ta duniya da aka kafa a Paris a 1953. Shi ya san wa ke iya zama gada, wa ya san harshen yarjejeniyar kasuwanci, wa ya saba da na tsaro. In kuɗin kaya da na mutane suka haɗu a dunƙule ɗaya, wajen mutane ake yankan riba, don shi ne ba a gani a hoto.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Jawabai da daftari da jerin sunaye su isa rumfa tun da wuri, ko da an rubuta a kai cewa abin da aka furta ne abin dogaro, a kuma roƙi masu karantawa su tsaya a kalma 100 zuwa 120 a minti. Daren jajibiri a kunna komai, mutum ya ɗauki risiba ya zaga kowane lungu na zaure yana saurare, tasha bayan tasha. A cire kebul ɗin intanet da gangan a ga ko na biyun zai ɗauka. A kashe wuta a ga abin da zai faru. A manna alama a kan tebur inda wakili zai ajiye abin kunnensa nesa da makirufo, kamar yadda majalisar Kanada ta koma yi a 2024, don ƙarar da ke tashi in suka haɗu tana iya raunata kunnen tafinta nan take. Sannan a rubuta sunan mutum ɗaya da zai riƙe maɓallin makirufon shugabanni da tashar ɗakin 'yan jarida, a zaunar da shi inda yake ganin shugaban zama, kuma kada ya buɗe sai an ɗaga masa hannu.